Igiyar cibiyar da muke binnewa

A garuruwanmu irin su Dambatta, Makoda da Bichi, in mace ta sauka lafiya, ungozoma ta yanke cibiya, sai a wanke mabiyiya a binne ta, shi ke nan. To, likitoci sun daɗe da sa ido a kan wannan igiyar.

Abu biyu suke nema a cikinta. Na farko ragowar jinin, mai ɗauke da ƙwayoyin asali masu ƙera sabon jini, irin na ɓargo. A 1988 a birnin Faris, Farfesa Eliane Gluckman ta dasa wa wani yaro jinin cibiyar ƙanwarsa, ya tsira daga ciwon jinin da ake kira Fanconi.

Na biyu ne ya fi ba ni sha'awa: wannan farin abu mai santsi da ya lulluɓe jijiyoyin igiyar. Ƙwayoyin cikinsa aikinsu lallashi ne. Garkuwar jiki wani lokaci takan rikice ta far wa jikin da take gadi. Haka ma bayan dashen ɓargo, sababbin ƙwayoyin kan afka wa fata da hanta da hanjin majinyaci. Ƙwayoyin cibiya na fitar da sinadaran da ke kwantar da fararen ƙwayoyin jini, su rage kumburi, kuma jiki bai cika korar su da sauri ba ko da na bare ne. Amma fa yawancin aikin nan gwaji ake yi har yanzu.

Na san hankalinki ya tafi kan sikila. Ana warkar da ita da dashen ƙwayoyi masu ƙera jini, ba masu lallashin ba, galibi daga ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, kuma damar dacewar kowane ɗan'uwa ɗaya ce cikin huɗu. An fara irin wannan dashe a Najeriya a asibitin koyarwa na Benin a 2011. Tsadarsa ba ta talaka ba ce.

Saboda haka in kin ga ana tallar garin "stem cell" a WhatsApp, riƙe kuɗinki, kada ki sayar da akuyarki. Ƙwaya mai rai cikin tsananin sanyi ake ajiye ta, ta jijiya ake saka ta. Abin da aka haɗiye kuwa ciki zai narkar da shi kamar tuwo. Kada ki tsayar wa yaro maganin da asibiti ya ba shi.

Ranar haihuwa, ki roƙi a jira minti 1 zuwa 3 kafin a ɗaure cibiya, jinin ya ƙarasa shiga jikin jaririnki. Bayan nan a shafa chlorhexidine, ban da man goge baki, ban da toka.