Kafin Ku Dangwala, Ku Yi Tambaya

Jama'ar Kurmin Kogi, Makarfi da Kudan, a kasa kunne!

Tun 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawa a takarda, sai a kwamfuta. To, yaron da ko sau ɗaya bai zauna gabanta ba, ranar jarrabawa a Zariya ake so ya koya? Kun sayar da rake da tumatir kun biya masa kuɗi. Ya san amsa sarai, amma hannu na rawa, lokaci na tafiya.

Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ku tsare shi. Yaushe za a sa wutar sola a makarantarmu? Wa zai koya wa malamin tukuna? Kwamfutar da za a kulle a ofishin hedimasta, ƙura na cinta, ba ma so.