Minshari Ba Abin Dariya Ba Ne

A gidanmu a Bukkuyum, in baffana ya kwanta a zaure, har maƙwabta sun san ya yi barci. Mu yara mukan laɓe muna kwaikwayon minsharinsa muna dariya. Amma inna ta lura cewa yakan yi shiru ɗif kamar rai ya fita, sa'an nan ya zabura yana shaƙar iska. Wasu suka ce dannau ne, aka yi ta turare.

Baffa direba ne. Ran nan da rana tsaka gyangyaɗi ya kwashe shi a hanyar Anka, mota ta faɗa gona cike da fasinja. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Sai a lokacin aka kai shi wurin likita a Gusau.

Likita ya ce ciwo ne. In mutum ya yi barci, naman maƙogwaronsa yakan saki ya toshe hanyar iska daƙiƙa 10 ko fiye. In haka ya kai sau 30 cikin awa guda, ciwon ya yi tsanani. Mai shi ba ya ƙoshi da barci, kuma yana iya gamuwa da hawan jini ko shanyewar ɓarin jiki.

Akwai na'urar magani da ake kira CPAP, wadda Dakta Colin Sullivan na ƙasar Ostireliya ya bayyana wa duniya a 1981. Tana hura iska ta bututu zuwa abin da aka ɗaura a hanci, ƙarfin iskar ya riƙe maƙogwaro a buɗe. Amma tana da tsada, tana kuma son lantarki har asuba, kullum dare. Baffa sai da ya sayar da saniya ya haɗa da batir mai cin hasken rana.

Ra'ayina shi ne, ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, mai ciwon nan barci yake yi, bai san halin da yake ciki ba. Mu ne idanunsa. In kun ji numfashin wani yana ɗaukewa, ku kai shi asibiti. Ya riƙa kwanciya ta gefe, ya rage ƙiba, ya bar taba, kada kuma ya tuƙa mota yana gyangyaɗi. Mu da muka yi dariya, da mun sani da mun yi magana tun da wuri. Allah ya ba mu lafiya, amin.