Kyamarar Ɗaukar Hoton Gidaje: Ido Mafi Faɗi Ba Shi Ne Mafi Amfani Ba A Gaya Da Ajingi

Cinikin gida da fili a Gaya da Ajingi ya koma cikin waya. A da sai dillali ya goya mai saye a babur ya kai shi ya gani da idonsa. Yanzu hoto ne ke riga kowa isa. Ɗan garin da ke kasuwa a Kantin Kwari ko Singa, da wanda aiki ya kai Dutse, da wanda neman kuɗi ya jefa Legas ko Fatakwal, duk a WhatsApp suke fara ganin abin da za su saya. Daga Kano zuwa Gaya kilomita 60 ne da 'yan kai, ta Wudil, kuma da tsadar kuɗin mota a yanzu ba mai son ya yi wannan tafiya sau uku a kan gida ɗaya. Dillalin kuwa sau da yawa dattijo ne da bai damu da latse-latse ba, don haka ɗansa ko ƙanensa ne ke riƙe da wayar. A hannun waɗannan matasa aikin ya faɗa, kuma su ne ke tambayar wace kyamara ta dace.

Amsar da suka fi samu a YouTube da TikTok ita ce a nemi ido mafi faɗin gani, wanda zai kwashe ɗaki gaba ɗaya a hoto guda. Wannan shawara rabinta gaskiya ce, rabinta kuma ita ke jawo rigima ranar da mai saye ya iso.

Ga yadda abin yake. Kowane idon kyamara yana da lambar da ake auna shi da ita a milimita, kuma duk lokacin da lambar ta yi ƙasa, faɗin abin da yake kwasa yana ƙaruwa. Babbar kyamarar yawancin wayoyi, wadda aka rubuta wa 1x, tana kusa da milimita 26. Wadda aka rubuta wa 0.6x tana kusa da 16. Ta 0.5x, irin wadda Apple ya fara sakawa a iPhone 11 a 2019, milimita 13 ce, tana ganin digiri 120 daga kusurwa zuwa kusurwa. Akwai ɗan lissafin da ke sauƙaƙa komai: a ɗauki nisan da ke tsakanin mutum da bango, a ninka shi sau 36, a raba da lambar milimitar. Abin da ya fito shi ne kusan faɗin bangon da zai shiga hoton.

A gwada da ɗakin da magina suka fi yi, mai ƙafa 12 da 12. Wanda ya tsaya daga bakin ƙofa, tsakaninsa da bangon da ke fuskantarsa kamar ƙafa 10 ne. Da 1x zai kwashi kusan ƙafa 14, wato bangon ya shiga duka har da ɗan rara. Da 0.6x zai kwashi ƙafa 22. Da 0.5x kuwa sai ya tashi da kusan ƙafa 28. To bangon da ƙafa 12 ne kacal, me zai cike sauran wurin? Daɓe da rufi da bangwayen gefe, an ja su an miƙe kamar roba. Bangon gaba sai ya ƙanƙance ya koma can nesa, ɗakin da katifa da durowa suka cika ya fito kamar ɗakin taro. Ƙofar da ke gefen hoton ta yi faɗin da za a rantse mota za ta shige. Ba a taɓa hoton da wata manhaja ba, amma ya faɗi abin da babu.

A Amurka da Ingila, inda wannan shawara ta samo asali, masu ɗaukar hoton gidaje sun fi aiki da idon da ke tafiya daga milimita 16 zuwa 35, kuma ko su ba kullum suke zama a kan 16 ba. Bayan haka, tallan gida a can yana zuwa da awon girmansa a rubuce, sau da yawa har da zanen fasalin ɗakuna, don haka hoto ba shi kaɗai ke magana ba. A Gaya hoton ne komai, sai saƙon murya na minti ɗaya da ke cewa "ciki da falo ne, da ɗaki biyu, da rijiya". Mutum ya gani ya yaba, ya turo kafin alƙalami, ranar Asabar ya kamo hanya, ya tarar da falon da ko kujeru saiti ɗaya ba zai ɗauka ba.

A Kano cikin birni dillali zai iya yin wannan ya ɓace cikin jama'a. A Ajingi ina zai shiga? Mai sayen ɗan unguwa kaza ne, kawunsa na sallah a masallaci ɗaya da dillalin, mai unguwar da zai sa hannu a takardar ciniki ya san su duka. La'adar gida ɗaya ba ta kai sunan da za a ɓata ba, kuma wanda za a fi kira maƙaryaci shi ne dattijon da ko wayar bai taɓa ba. Mutanen kasuwa suna da sunan da suke kiran ɗora kyawawan tumatir a saman kwando, algus. Idon 0.5x a hannun wanda bai san halinsa ba algus yake yi, ko da mai riƙe da shi bai yi niyya ba.

Ba wai a guji ido mai faɗi ba ne. Akwai wuraren da ba makawa sai da shi: banɗaki, madafi, soro, lungun da ke tsakanin ɗaki da katanga, shagon da faɗinsa bai wuce ƙafa 8 ba. A nan 1x bango kawai zai nuna. Abin da ake so shi ne tsakanin milimita 16 zuwa 24, kuma mai waya yana iya samun wannan ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Ya buɗe 0.5x ɗin, ya ja shi zuwa 0.7x ko 0.8x. Wayar za ta yanke gefunan da suka fi miƙewa ta bar tsakiya, ɗakin ya fito kusa da yadda ido ke ganinsa.

Matsalar ita ce wayoyi da yawa da ke hannun matasa ba su da wannan ido kwata-kwata. Zagaye uku ko huɗu a bayan waya ba ya nufin kyamara uku masu aiki. A yawancin ƙananan Tecno Spark da Infinix Hot da itel, babbar kyamarar ce kaɗai ke ɗaukar hoto, sauran ko ɗan ƙaramin ido ne mai taya ta dusashe bayan mutum, ko kuma ado. Haka masu ɗokin iPhone ta hannu: XR kyamara ɗaya gare ta, ta biyun da ke jikin X da XS kuma ta jawo nesa ce, ba ta faɗi ba. Sai daga 11 aka fara saka idon faɗin. A ɓangaren Android, Galaxy A15 tana da shi amma megafiksel 5 ne, Redmi Note 13 tana da mai 8, Galaxy A54 da A55 suna da mai 12.

Lambar 108MP ko 200MP da ake bugawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali ta babbar kyamara ce, ba ta shafi idon faɗi ba. Kuma ko ta shafa, WhatsApp yana matse hoto zuwa kusan megafiksel 2 idan an tura shi yadda aka saba. Tun 2023 akwai zaɓin HD, sannan wanda ya tura hoton a matsayin fayil zai isa yadda yake, sai dai ya fi cin data. Abin da ya fi megafiksel muhimmanci a nan shi ne haske. Ɗakunan da ake ginawa a wannan yanki tagoginsu ƙanana ne saboda zafi da ƙura, wuta kuma ba a dogara da ita. Idon faɗi a kusan kowace waya ya fi babbar kyamarar raunin gani a duhu, sai hoton ya fito da yashi-yashi, tsagewar bango da tabon yoyo su narke cikin dusu-dusu. Tsakar gida kuma rana ce tsaga-tsaga, ɗaki duhu, ƙofa fari fat. Wayar da HDR ɗinta ke aiki a kan idon faɗi, kuma yanayin dare yana aiki a kansa, ta fi wadda ke da babbar lamba. A iPhone 11, alal misali, yanayin dare ba ya aiki a 0.5x, sai daga 12.

Sai batun babbar kyamara, wadda ita ce burin kowane matashi da ya fara samun 'yan kuɗi a wannan harka. Wanda ya sayi Canon ta hannu irin 600D ko 700D zai same ta da ido mai 18-55, ya ɗauka 18 ɗin ya wadatar. Bai wadatar ba. Sensar waɗannan kyamarori ƙarama ce, ana ninka lambar da 1.6, sai 18 ta koma kusan 29, wato wayar da ke aljihunsa ma ta fi ta faɗin gani. Dole ya ƙara sayen wani ido, irin EF-S 10-18 na Canon, wanda ke ba da 16 zuwa 29. Masu Nikon suna da AF-P 10-20, amma a kula, ba ya aiki da tsofaffin irin D3100 da D5100. Hoton da wannan haɗi ke fitarwa ya fi na waya nesa ba kusa ba, musamman a ɗaki mai duhu. Amma sai an cire kati, an zuba a kwamfuta ko a waya, an gyara, sannan a tura wa WhatsApp ya matse. Ga wanda ke ɗaukar biki da suna, ko yake yi wa masu gina rukunin gidaje a Kano aiki, kuɗin zai dawo. Ga wanda gida biyu ko uku ke shigowa hannunsa a wata, jarin ya fi cinikin. Ɗan gilashin nan da ake maƙalawa a bayan waya kuwa, wanda ke lanƙwasa bango kamar ƙwarya, asarar kuɗi ne.

Da a ce matashin zai raba kuɗin kyamarar, da ya sayi sandar ɗora waya mai ƙafa uku da tef ɗin awo. Rabin munin hotunan gidaje daga karkata waya yake zuwa. Idon faɗi ba ya yafe wannan: da an ɗaga kan wayar sama kaɗan sai bangwaye su kifa ciki kamar za su rufta. A kunna layukan raga a saitin kyamara, a riƙe wayar a kwance daidai ƙirji, a daidaita layin da kusurwar bango. Ɗan abin da ya karkace, Snapseed na gyarawa kyauta. Sannan a rubuta awon kowane ɗaki a ƙarƙashin hotonsa, "ƙafa 12 da 10". Wannan layi ɗaya yana kashe duk wata gardama kafin ta taso.

Kuma a gaskiya abin da aka fi sayarwa a Gaya da Ajingi fili ne da gona, ba ginannen gida ba. A fili idon faɗi ya fi yin ɓarna. Fuloti mai ƙafa 50 da 50 sai ya fito kamar filin ƙwallo, dutsen iyaka na can ƙarshe ya zama ɗigo, filin maƙwabci ya shigo hoton ba wanda ya san inda aka rabu. Gara a yi amfani da 1x, a tsayar da mutum a kan kowace kusurwa, a yi bidiyo ana zagaya iyakar da ƙafa ba tare da yankewa ba, a nuna hanya da turken wuta idan akwai, sannan a tura wurin a taswirar Google. Hoton da aka ɗauka a watan Janairu cikin hazo ba ya nuna inda ruwa ke kwanciya a Agusta, don haka mai gaskiya zai ajiye na damina ma. Hoto dai ba takarda ba ne. Maganar wa ke da filin tana wurin magada da mai unguwa da dagaci da ƙaramar hukuma, ko KANGIS idan filin na da takardar gwamnatin jiha.

Akwai kuma abin da masu bidiyon ƙasashen waje ba za su taɓa ambata ba, don su gidajen da suke ɗauka babu kowa a ciki. A nan sau tari iyali na zaune a gidan da za a sayar. Ido mai digiri 120 yana kwaso abin da mai ɗauka bai ma lura da shi ba: matar gida a bakin murhu, 'yan mata a gindin rijiya, jeren amarya, shanya, har tsakar gidan maƙwabta idan katanga gajera ce. Hoton da ya hau status ya fita daga hannun mai shi. Sai an yi sallama an nemi izinin maigida, an ba mata lokaci su kimtsa, an kuma duba gefunan kowane hoto kafin a tura.

Wanda zai shiga Farm Centre sayen waya saboda wannan aiki, kada ya tsaya karanta kwali. Ya buɗe kyamarar ya duba ko akwai 0.5 ko 0.6 kusa da 1x. Idan akwai, ya juya wa hasken ƙofa baya ya ɗauki lungun shagon da ya fi duhu, ya buɗe hoton ya zuƙo kusurwoyi huɗun, ya ga ko ana iya karanta rubutun kwalayen da ke kan kanta. Ya sake ɗauka yana fuskantar ƙofa, ya ga ko waje ya ƙone fari ko ana ganin mutanen da ke wucewa. Daga nan ya tura hotunan biyu zuwa wayar abokinsa ta WhatsApp ya kalle su a can, don a haka mai saye zai gan su.