Madarunfa: Bakin da ke hura wuta shi ke kashe ta

A kowace shekara, da zarar kaka ta kama, manoma suka shiga girbin hatsi da roron wake, garkunan da suka yi damina a arewa kuma suka juyo kudu neman kara da ruwa, sai zukatan jama'ar gundumar Madarunfa su kasu biyu: ga murnar amfanin gona, ga fargabar abin da ka iya biyo baya idan saniya guda ta faɗa gonar da ba a kwashe ba. Wannan fargaba ba ta tsaya a kan manomi da makiyayi kaɗai ba. Ta shafi mai fura da ke jiran ƙwaryar nono daga ruga, ta shafi mai awo, da mahauci, da dillalin dabbobi, da matar da ke saro kifin tabkin Madarunfa ko zogalen Jiratawa ta kai Maraɗi. Ranar da aka ce an yi faɗa, kasuwa ce ke fara watsewa, ita ce kuma ke ƙarshen dawowa.

Shi ya sa muka ga ya dace yau mu yi magana a kan magana ita kanta, wato yadda labari ke tafiya tsakanin jama'a kafin rikici, da lokacin rikici, da bayansa. Duk wanda ya bi diddigin tashe-tashen hankulan da aka yi a jihar Maraɗi zai tarar cewa ɓarnar farko ba ta cika yawa ba. Abin da ke mayar da ita bala'i shi ne yadda aka ba da labarinta, da wanda ya fara ji, da kuma rashin wanda zai tsaya ya ce a dakata a bincika.

Idan dai ba a manta ba, a watan Oktoba na 1991, daidai lokacin da manyan ƙasa ke zaune a babban taron ƙasa a Yamai, rikicin manoma da makiyaya a ƙauyen Toda, ta wajen Gidan Runji, ya ci rayukan mutane sama da 100, akasarinsu mata da ƙananan yara. Babu gonar da kuɗinta ya kai ran jariri guda. Amma da fushi ya riga bincike isa wurin, sai aka rasa mai tambayar wa ya yi ɓarna, wa kuma bai san hawa ba bai san sauka ba.

Bayan wannan masifa, Nijar ta samu dokar karkara mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993, wadda ta kafa hukumomin kula da filaye, waɗanda mutane suka fi sani da Kofo. Akwai su a matakin gunduma, da ƙaramar hukuma, har zuwa ƙauye, kuma a cikinsu an tanadi wurin zaman manoma, da makiyaya, da mata, da matasa. Dokar ta ce a fara kai rigimar fili gaban sarakunan gargajiya don sulhu, a rubuta abin da aka cimma, kafin a nufi kotu. A ranar 20 ga Mayu 2010 kuma aka fitar da dokar kiwo mai lamba 2010-029, wadda ta kare burtali da mashaya, ta kuma tanadi cewa hukumar jiha ce ke tsayar da ranar sakin gonaki bayan an ji ta bakin manoma da makiyaya, sannan a yayata ranar ko'ina. A 2013 aka ƙara da ƙa'idar kwamitocin sulhu da ɓangarorin biyu ke da wakilai daidai wa daida.

Ke nan ba doka muka rasa ba. Tambayar ita ce, mutum nawa ne a Gabi, ko Safo, ko Sarkin Yamma, ko Ɗan Isa suka taɓa jin waɗannan dokoki da harshen da suke ciniki da shi? An rubuta su da Faransanci, an adana a ofis, alhali wanda za su yi wa aiki yana bakin gona ko yana bayan garke. Idan manomi ya ɗauka saura mako biyu a saki gonaki, makiyayi kuma aka gaya masa an saki tun jiya, to kowanensu zai rantse shi ne mai gaskiya, kuma kowanensu zai ɗauki sanda da zuciya ɗaya. Rashin sani ya fi dare duhu.

Birnin Maraɗi ma ya ɗanɗana irin wannan. A watan Yuni na 2019, bayan an kama wani limami da ya soki daftarin dokar tsara harkokin addini, matasa suka fito kan tituna, har aka ƙona wata majami'a a unguwar Zariya. Da aka sake shi, malamin ya roƙi jama'a su kwantar da hankali, ya kuma bayyana cewa takardar da aka fassara masa ba ita ce ta ainihi ba. Takarda ɗaya da fassara ɗaya, sai ga gari ya kwana cikin hayaƙi, masu shaguna da masu tebur suna lissafin asara. Da tun farko an karanta wa jama'a daftarin da Hausa a gidajen rediyo, da wuya abin ya kai haka.

Yau kuma lamarin ya ƙara tsanani saboda abu biyu. Na farko, 'yan bindiga masu satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa, waɗanda suka addabi ƙauyukan bakin iyaka da kewayen dajin Babban Rafi, suka kuma koro dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi tun daga 2019. Wannan ya sa zargi ya yi arha, har wasu na yi wa duk mai sanda da malfa kuɗin goro, alhali makiyayi na cikin waɗanda aka fi kwashe wa dukiya. Na biyu, wayar salula. A da, labari sai ya jira ranar kasuwa. Yanzu saƙon murya guda a WhatsApp yakan zagaye Madarunfa da Jibiya kafin a sauke tukunya, ba a san wanda ya yi shi ba, ba a san ranar da aka yi shi ba, wani lokaci ma hoton da ke tare da shi na wata ƙasa ne daban. Magana kuwa zarar bunu ce, idan ta fita ba ta komawa.

Sai dai bakin da ke hura wuta, shi ne kuma ke kashe ta. A watan Satumba na 2019 gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara sun zo Maraɗi sun zauna da gwamnan jihar kan tsaron iyaka, domin sun gane ɓarawon da ke tsallaka iyaka ba ya kamuwa idan hukumomin ɓangarorin biyu ba sa gaisawa. Haka kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, ana ta maganar yaƙi, cikin waɗanda suka samu ganin Janar Abdurahman Tiani a watan Agusta akwai Muhammadu Sanusi na II tare da Sarkin Damagaram, sai kuma tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau. Abin da wasiƙun barazana suka kasa buɗewa, gaisuwa da Hausa da sanin darajar juna suka buɗe. 'Yan kasuwar hanyar Kano, Katsina da Maraɗi ba sa bukatar a gaya masu tsadar rashin jituwa: sun ga rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sun kuma ga na 2023 da bai ƙare ba sai a Maris 2024.

Mu a ganinmu, babu wanda ya kai ɗan kasuwa sanin wannan ilimi. Dillali yakan tsaya tsakanin mai saye da mai sayarwa, ya ji na wannan, ya ji na wancan, ya rage zafin magana kafin ya isar da ita, har a kai ga "Allah Ya sa albarka". Sulhu ma haka yake. Mai fura da 'yar Fulanin da ke kawo mata nono sun shekara suna bin juna bashi ba tare da takarda ba, sun san sunayen 'ya'yan juna, kuma sau da yawa su ke fara jin ƙishin-ƙishin ɗin rigima kafin maigari ya ji. Ga kuma wasan taubasantaka, irin na Fulani da Barebari ko Gobirawa da Zabarmawa, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya da sunan Nijar a 2014. Kakanninmu sun san cewa wanda kuka yi dariya tare da safe, da wuya ka ɗaga masa gatari da yamma.

Ba muna cewa zama a kan tabarma shi kaɗai zai kori ɗan bindiga ba. Gwamnatin Katsina ta yi sulhu da 'yan bindiga a 2019, amma a 2020 Gwamna Aminu Bello Masari da kansa ya ce sun ci amana. Sulhun da babu adalci da tsaro a bayansa, hutun rabin lokaci ne kawai. Wanda ya yi kisa ko sata, hukuma ta kama shi ta hukunta shi da sunansa, ba da sunan ƙabilarsu ba. Wanda aka yi wa ɓarna a biya shi daidai ƙima, a gaban shaidu, cikin lokaci. Idan mutane suka ga ƙara na da amfani, ba za su nemi ɗaukar fansa ba.

Don haka muna kira ga kantoman Madarunfa da shugabannin ƙananan hukumomin gundumar shida da su tabbatar ranar sakin gonaki ta isa kunnen kowa da Hausa da Fulatanci, ta rediyo, da bakin sanƙira a kowace ranar kasuwa, da masallatan Juma'a, da rugage, tun da sauran lokaci. Muna kira ga sarakuna da masu gari da arɗo-arɗo su yi musayar lambobin waya, su riƙa zama tun kafin girbi, ba sai an kwanta asibiti ba. Idan abu ya faru, hukuma ta fito da wuri ta faɗi abin da ta tabbatar, domin shirun hukuma shi ne takin ji-ta-ji-ta.

Ku kuma iyayenmu mata da 'yan'uwa 'yan kasuwa, naku aikin ya fi na kowa kusa. Kujerar da aka ware wa mata a Kofo, ku tura wadda za ta iya buɗe baki, ba wadda za ta cika lissafi ba. Saƙon da ya shigo wayarku, ku yi masa tambayoyin da kuke yi wa haja: daga ina ya fito, wa ya gani da idonsa, yaushe aka yi? Yadda ba ku karɓar buhu sai kun soka kun ga ƙwaya, haka kada ku tura labari sai kun tabbatar. Idan kun ji abin tsoro, ku kai wa sarkin kasuwa ko maigari, kada ku kai wa taron matasa. Kada kuma ku yanke ciniki da abokin hulɗar shekara da shekaru saboda laifin wanda bai ma sani ba, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Allah Ya zaunar da Madarunfa da maƙwabtanta lafiya, Ya sa a kwashe amfanin gona cikin kwanciyar hankali, Ya ba kowa kasuwa mai albarka. Amin.