Masu Kukan A Mayar Wa Lucas Kayansa

Tun daga 2017 wata magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakanin masu kallon Star Wars, wai darakta Rian Johnson ne ya rushe gidan, kuma ba za a ga daidai ba sai an mayar wa George Lucas kayansa. Maganar tana da daɗin faɗa a majalisa, amma tarihin finafinan kansa ya ƙaryata ta.

Babu mai musun cewa Lucas ne ya haƙa rijiyar. Shi ya rubuta fim ɗin 1977, shi ya ba da umarninsa. To amma a tambayi masoya wanne ne zakara a jerin, akasarinsu The Empire Strikes Back na 1980 za su ambata. Irvin Kershner ne ya ba da umarnin wannan, dattijon da ya taɓa koyar da Lucas a jami'a, kuma sunayen Leigh Brackett da Lawrence Kasdan ne a kan rubutun, ko da yake tushen labarin na Lucas ne. Fim ɗin farko ma ba hannu ɗaya ne ya ɗauki jinkarsa ba. Lambar Oscar ta tace hoto ta tafi ga Paul Hirsch da Richard Chew da Marcia Lucas, matarsa a lokacin. A cire kiɗan John Williams kuma a ga abin da zai saura.

Ai an taɓa bar wa Lucas wuƙa da nama. A finafinan 1999 da 2002 da 2005 shi ne mai kamfani, shi ne mai alƙalami, shi ne darakta, babu mai ce masa kul. Nan aka haifi Jar Jar Binks, nan aka ji hirar soyayyar Anakin da Padmé wadda har yau ake yi wa dariya. Ba su raga masa ba a lokacin, ga shi yau sunansa ake kira kamar na waliyyi.

Ba ana cewa darakta ba kome ba ne. Hannunsa yana bayyana a wasan 'yan wasa da saurin tafiyar labari, kuma Johnson ne ya mayar da Luke tsoho mai ɗacin rai, abin da Mark Hamill kansa ya fito fili ya ce bai kwanta masa ba. Sai dai magini da aka ɗauko don ɗaki ɗaya ba shi ke zana fasalin gida ba. Disney ta sayi Lucasfilm a 2012 a kan fiye da dala biliyan 4, ta shiga finafinai uku, kowane darakta yana warware saƙar na gabansa. J.J. Abrams ya ɗaura tambayar asalin Rey a 2015. Johnson ya ce iyayenta ba kowa ba ne, ya kashe Snoke. A 2019 Abrams ya dawo ya ce jikar Palpatine ce, ya tono mutumin da aka gama da shi tun 1983.

Wa ya sa hannu a kan wannan duka? Kamfanin da ya sallami Phil Lord da Christopher Miller ana tsakiyar ɗaukar Solo a 2017, ya kuma raba gari da Colin Trevorrow a shekarar, ba zai ce daraktoci sun fi ƙarfinsa ba. Tun kafin The Last Jedi ya fito aka sanar cewa an ba Johnson wasu finafinai uku, alamar masu gida sun ga aikin sun yaba. Amma da aka tashi jifa sai aka bar jaki ana dukan taiki, har 'yar wasa Kelly Marie Tran ta goge hotunanta na Instagram a 2018 saboda cin mutunci.

Masu kukan su dubi Andor, shirin da ya fara a 2022, wanda masu sharhi da dama suka ɗora a sahun gaba na abin da aka yi da sunan Star Wars. Lucas ba ya ciki. Tony Gilroy ne ya riƙe zaren labarin tun daga farko har ƙarshe, kuma bai ba da umarnin ko kashi ɗaya ba.