Me ya sa manhajojin kuɗi ke rikita masu amfani da su a Najeriya?

A farkon 2023, lokacin da sauya fasalin takardun naira ya jefa ƙasar cikin ƙarancin tsabar kuɗi, jama'a da dama sun koma tura kuɗi ta waya ba don suna so ba. Mai shayi, mai kayan miya da direban adaidaita sahu duk sun fara karɓar tiransifa.

A lokacin ne matsalar ta fito fili. Mutum zai danna a tura, manhaja ta yi ta juyawa, a cire kuɗi daga asusunsa, mai shago kuma ya ce bai ga alat ba. Cunkoso da raunin na'urorin bankuna na da nasu kason a wannan, amma sauran laifin yana ga yadda aka tsara manhajojin.

Akwai fannin ilimi da ke nazarin mu'amalar mutum da kwamfuta, kuma tushensa shi ne a zauna a kalli yadda mutum ke amfani da manhaja kafin a yanke hukunci cewa ta yi kyau.

Darasi daga Kenya

Lokacin da kamfanonin Vodafone da Safaricom suka fara gwajin M-Pesa a Kenya a 2005, manufarsu ita ce masu karɓar ƙananan basussuka su riƙa biya ta waya.

Sai masu gwajin suka lura mutane sun ɓullo da nasu amfanin: suna tura wa juna kuɗi, suna biyan abokan ciniki. Maimakon a ce sun kauce hanya, sai aka sake tsarin gaba ɗaya. Da aka ƙaddamar da shi a watan Maris na 2007, an tallata shi ne a matsayin hanyar aika kuɗi gida, kuma yana aiki a kan ƙaramar waya mai maɓalli.

A Najeriya, Babban Banki ya ƙaddamar da eNaira ranar 25 ga Oktoba, 2021. Da farko sai mai babbar waya da asusun banki ne zai iya buɗe ta, wato mutumin da ya riga ya mallaki manhajar bankinsa. Sai a 2022 aka fito da lambar *997# domin masu ƙananan wayoyi. Wani nazari da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 98.5 cikin ɗari na asusun eNaira da aka buɗe ba a taɓa su ko sau ɗaya a mako.

Ƙananan abubuwa masu tasiri

A 1994, masani ɗan ƙasar Denmark Jakob Nielsen ya fitar da ƙa'idoji goma na auna sauƙin amfani da manhaja. Ta farko ita ce manhaja ta riƙa sanar da mutum halin da ake ciki. Wanda aka gaya masa a sarari cewa kuɗinsa na kan hanya ba zai sake turawa karo na biyu ba, balle ya yi asara.

Wata ƙa'idar ita ce a tare kuskure tun kafin ya auku. Wannan ne amfanin sunan mai asusu da ke bayyana bayan an shigar da lambobi goma na akawun, kafin a danna tura.

Akwai kuma rage wa mutum nauyin hadda. OPay da PalmPay sun mayar da lambar waya, ba tare da sifirin farko ba, ta zama lambar akawun, don haka ɗan kasuwa ba ya buƙatar rubuta wata sabuwa a bango.

Hatta girman maɓalli yana da ƙa'ida. Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Paul Fitts ya nuna cewa ƙanƙantar abu da nisansa na ƙara lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya dace da shi. Shi ya sa Apple da Google suka ƙayyade mafi ƙarancin girman wurin taɓawa a allon waya.

Batun harshe da karatu

Binciken da Indrani Medhi ta jagoranta a cibiyar Microsoft da ke Bangalore a Indiya ya gano cewa marasa ilimin boko na kasa kammala tura kuɗi a manhajar da ke cike da rubutu, amma suna yin nasara sosai idan an haɗa da murya da hotuna. Jerin zaɓi a cikin wani jerin zaɓi ma na rikita su.

Wannan ya shafi arewacin Najeriya kai tsaye, inda mutane da yawa suka fi sakewa da saƙon murya a WhatsApp fiye da rubutu, wasu kuma ajami suka iya. Tsarin lambobin USSD na yankewa idan mutum ya yi jinkiri, sai ya koma daga farko. A ƙarshe wasu kan miƙa kati da lambar sirri ga mai POS ko wani yaro a gida, ƙofar da 'yan damfara ke shigowa ta nan.

Gyaran ba ya buƙatar makudan kuɗi. Nielsen ya yi ƙiyasin cewa gwaji da mutum biyar kacal na iya bankaɗo kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin manhaja, matuƙar su ne irin mutanen da za su yi amfani da ita.

Saboda haka bankin da ya gwada manhajarsa a kan ma'aikatansa a Legas, da intanet mai ƙarfi da sabuwar waya, bai gama aiki ba. Sai ya kai ta kasuwar Dawanau ko Kantin Kwari, ya miƙa wa 'yan kasuwa biyar a tsakar rana, ya yi shiru ya ga inda za su tsaya.