Idan Mai Kaya Ya Zama Kishiyar Dillalinsa: Darasi Daga Kasuwar Kwamfutocin Hannu

A watan Mayun 2012, kamfanin Target, ɗaya daga cikin manyan kantunan Amurka, ya sanar da cewa zai daina sayar da Kindle, wato na'urar karatu da kwamfutar hannu ta kamfanin Amazon. A watan Satumba na wannan shekarar, Walmart, wanda ya fi kowane kanti girma a duniya, shi ma ya bi sahu. Babu wanda ya ce kayan suna da aibu. Kamfanonin biyu ba su yi dogon bayani ba, amma dalilin bai ɓuya ga masu lura da kasuwa ba: duk Kindle ɗin da suka miƙa wa mai saye, ƙofar shagon abokin hamayyarsu ce suka saka masa a jaka ya tafi da ita gida.

Irin wannan ɓaraka takan ja hankalin jaridu, domin faɗan manya yana da daɗin kallo. Sai dai tarihin wannan kasuwa ya nuna cewa ranar da ya fi kamata hukuma ta buɗe ido ita ce ranar da manyan suka shirya. Faɗansu yakan jawo wa mai saye ɗan wahala, wani lokacin ma ya sauke masa farashi. Sulhunsu kuwa sau da yawa a kan ƙaramin ɗan kasuwa ake ƙulla shi, shi kuma ba a gayyatarsa zaman.

Asalin rikicin Kindle a bayyane yake. Amazon ya fito da na'urar a 2007, kuma da farko a shafinsa na intanet kaɗai yake sayar da ita. Da ya ga cewa mutane da yawa ba sa sayen abin da ba su riƙa a hannu ba, sai ya nemi kantuna, Target ya fara ɗaukarta a 2010. A lokacin na'urar karanta littattafai ce kawai, ba ta tsone wa kowa ido ba. A watan Nuwamban 2011 sai ga Kindle Fire, cikakkiyar kwamfutar hannu, a kan Dala 199, alhali iPad mafi araha tana kan Dala 499. Shugaban Amazon na lokacin, Jeff Bezos, ya fito fili daga baya ya ce kamfaninsa ba ya neman riba a kan na'urar kanta, ribarsa tana cikin abin da mutum zai riƙa saya da ita. Ma'ana, kanti zai ci 'yar ribarsa sau ɗaya, Amazon kuma ya ci gajiyar mai sayen na tsawon shekaru, har a kan tufafi da kayan gida da kayan wasan yara, waɗanda su ne abincin Target da Walmart.

Wata guda bayan fitowar Fire, ana tsakiyar sayayyar Kirsimeti, Amazon ya ƙara wa wutar fetur. Ya yi wa jama'a tayin ragin kashi 5 cikin 100, har zuwa Dala 5 a kan kaya ɗaya, idan suka shiga kanti suka duba farashin kaya da manhajarsa ta waya sannan suka saya a wurinsa. Mai kanti ne ke biyan haya da wuta da albashin yaron da ya yi wa mai saye bayani, wani can daban kuma ya karɓi kuɗin.

Duk wanda ya san kasuwar dabbobi ko ta hatsi ya san wannan lissafi. Dillali yana cin la'ada ne muddin mai kaya da mai saye suna buƙatarsa a tsakani. Ranar da suka san gidan juna, aikinsa ya ƙare. Saboda haka ba a ga laifin Target da Walmart ba da suka ƙi ci gaba da nuna wa abokan cinikinsu hanyar gidan wani. Abin lura shi ne matakin bai durƙusar da Amazon ba. Wanda ya so Kindle ya same ta a intanet ko a wani kantin, kuma kamfanin ya ci gaba da bunƙasa. Yanke hulɗa ya huce wa masu kantunan haushi, amma bai dawo musu da mai sayen da ya riga ya saba da sayayya ta waya ba.

A Birtaniya an gwada akasin haka. A daidai watan da Target ya rufe ƙofa, kamfanin sayar da littattafai na Waterstones ya ƙulla yarjejeniyar sayar da Kindle a shagunansa, duk da cewa shugabansa, James Daunt, ya sha sukar Amazon a baya. Hujjarsa ita ce masu karatu suna son na'urar, kuma gara su same ta a wurinsa da su tafi wani wuri. Masu suka kuma suka ce an bai wa kura ajiyar nama, tunda duk littafin da mai Kindle zai saya nan gaba daga rumbun Amazon zai fito. A watan Oktoban 2015 Waterstones ya kwashe na'urorin daga yawancin shagunansa saboda cinikinsu ya yi ƙasa, ya mayar da gurbinsu ga littattafan takarda. Abin da ya cece shi shi ne komawa ga sana'ar da ya fi kowa iyawa.

Kamfanin da ya fi fahimtar matsayinsa a wannan zamani shi ne Best Buy, babban kantin kayan lantarki na Amurka. Ya ga yadda takwaransa Circuit City ya rufe a 2009, kuma mutane da yawa sun ɗauka shi ne na gaba. Hubert Joly, wanda ya karɓi ragamarsa a 2012, bai kori Kindle ba. Ya fara da daidaita farashinsa da na manyan masu sayarwa ta intanet, don kada wanda ya shigo ya sami dalilin fita hannu rabbana. Sannan ya juya ga masu ƙera na'urorin ya nuna musu cewa filin shagonsa da ma'aikatansa kadara ce mai daraja. A 2013 Samsung ya buɗe ƙananan rumfunansa a cikin shagunan Best Buy kusan 1,400, Microsoft ma ya yi makamancin haka a ɗaruruwan shaguna. A 2018 Amazon da kansa ya ƙulla da shi don sayar da talabijin masu manhajar Fire. Best Buy ya gane abin da yake da shi wanda kishiyoyinsa ba su da shi, ya sa masa farashi, ya zauna da su a kan sharaɗi.

Labarin Apple ya zo ta ɗaya ɓangaren, wato mai ƙerawa ne ya shigo sana'ar mai kanti. A watan Mayun 2001 ya buɗe shagunansa biyu na farko a Amurka. Ba a daɗe ba wasu daga cikin dillalan da suka yi shekaru suna sayar masa da kwamfutoci suka kai shi kotu, suna zargin yana fifita shagunansa wajen rabon sababbin kaya. A 2011 kuma, bayan iPad ta kankama, Apple ya kafa dokar cewa duk abin karatu da aka saya a cikin manhaja sai ya karɓi kashi 30 cikin 100. Amazon ya ƙi biya, ya cire hanyar saye daga manhajar Kindle ta iPad da iPhone. Fiye da shekara goma mai karatu sai ya fita daga manhajar, ya buɗe shafin intanet, ya sayi littafi, sannan ya dawo ya karanta. Wahala ce, amma kofa a buɗe take, kuma ƙananan 'yan kasuwa masu yawa suna sayar da kayan Apple, sababbi da gyararru, a dandalin Amazon.

Wannan ƙofar ce aka rufe a ranar sulhu. A watan Nuwamban 2018 Apple da Amazon suka cimma yarjejeniya: Amazon zai sayar da iPhone da iPad kai tsaye, a madadin haka kuma daga farkon 2019 babu mai sayar da kayan Apple a dandalin sai wanda aka amince masa. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Sifaniya ta binciki lamarin, a watan Yulin 2023 ta ci kamfanonin biyu tarar Yuro miliyan 194, tana mai cewa an toshe fiye da kashi 90 cikin 100 na masu sayar da kayan Apple a dandalin ƙasar. Kamfanonin sun ce ba su yarda da hukuncin ba. Hukumar Italiya ta riga ta ci su tara a kan batun a 2021, kodayake kotu ta soke tarar a shekarar da ta biyo baya.

Kamfanonin suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Jabun caja da batura sun cika kasuwa, wasu har gobara suke tayarwa, kuma mai ƙera kaya yana da haƙƙin kare sunansa. Amma maganin jabu shi ne a kafa sharuɗɗa bayyanannu waɗanda duk ɗan kasuwar da ya cika su zai shiga, babba ne ko ƙarami. Idan mai ƙerawa da babban kishiyarsa ne suka zauna su biyu suka zaɓi waɗanda za su rage a kasuwa, to kare mai saye ya zama rigar da aka lulluɓe rabon kasuwa da ita. Mai sayen da aka ce ana karewa shi ne zai wayi gari ba shi da wurin taya kaya sai guda.

Wannan darasi ya shafi Nijeriya kai tsaye, domin iyakar da ke tsakanin mai ƙerawa da mai sayarwa ta fara dushewa a nan ma. A 2018 rukunin Zinox, wanda aka sani da harhaɗa kwamfutoci, ya sayi dandalin Konga ya haɗe shi da Yudala. Manyan kamfanonin waya kuma suna da shagunansu na kansu a dandalan intanet, alhali kayansu ɗaya ne da wanda 'yan kasuwar Banex a Abuja da Computer Village a Ikeja da Farm Centre a Kano suke sarowa daga hannun wakilansu. Babu laifi a cikin wannan, kasuwanci ne halal. Amma yana nufin ɗan tireda yana gasa da wanda ke ba shi kaya, wanda ya san nawa ya saya, nawa ya sayar, kuma zai iya jinkirta masa sabon samfuri ko ya karya farashi a ranar da ya ga dama.

Doka ta riga ta tanadi makami. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye, wadda aka sanya wa hannu a 2019, ta kafa hukumar FCCPC, ta ba ta ikon duba haɗewar kamfanoni, ta haramta yarjejeniyoyin da ke danne gasa da amfani da ƙarfin kasuwa wajen zalunci. Abin da ya rage shi ne inda hukumar za ta zuba ido. Koken mai saye a kan wayar da ta lalace yana zuwa da kansa. Yarjejeniyar keɓe kasuwa tsakanin mai ƙerawa da babban dandali kuwa ba ta yin ƙara, kuma waɗanda ta kora sukan koma wata sana'ar ba tare da sun san ofishin da za su kai kuka ba. Ya kamata hukumar ta riƙa neman ganin irin waɗannan takardu tun kafin kasuwa ta bushe.

Jami'an da ke sayo wa ma'aikatu kayan aiki su ma suna da nasu rabon. Gwamnati tana cikin manyan masu sayen kwamfutocin hannu, na rajista da na tantance masu zaɓe da na tattara bayanai. A takardun neman kwangila akan buƙaci ɗan kwangila ya kawo takardar izini daga kamfanin da ya ƙera kayan, kuma manufar tana da kyau, wato a guje wa jabu a tabbatar da garanti. To amma idan mai ƙerawar, ko wani kamfani ɗan gidansa, shi ma yana cikin masu neman aikin, takardar ta zama mabuɗin da ɗan takara ɗaya ke riƙe wa sauran. Kwamitin da ya ga takardu uku a gabansa zai ɗauka an yi gasa, alhali duka ukun daga tushe ɗaya suka fito.

Gyaran ba shi da tsada. A buƙaci kowane mai neman kwangila ya bayyana alaƙarsa da mai ƙerawa da babban wakili. A rubuta bayanin kayan bisa aikin da za su yi, yadda samfura daban-daban za su iya shiga. A sa garanti da kayan gyara da sabunta manhaja su bi na'urar na tsawon shekarun da aka ƙayyade, ko da mai ƙerawa da dillalinsa sun ɓata a tsakani. Dokar sayayyar gwamnati ta 2007 ta ɗora komai a kan gasa ta gaskiya, kuma waɗannan matakai hanyar cika wannan sharaɗi ne.

Target ya yanke hulɗa, Waterstones ya rungumi kishiya, Best Buy ya sa wa zumunci farashi, Apple da Amazon kuma suka raba kasuwa a tsakaninsu. Kowannensu ya yi lissafin aljihunsa, kuma ba a sa ran kamfani ya yi wani abu daban. Ƙaramin ɗan kasuwa da mai saye ne kaɗai ba su da kujera a wurin zaman, kuma albashin jami'in gwamnati ana biyansa ne domin ya zauna a madadinsu, ya karanta yarjejeniyar kafin a sa mata hannu.